Makonni huɗu kafin Kirsimeti: wa muke jira, wa ke jiranmu?

Idan akwai sana'ar da ma'aikacin gwamnatin tarayya ya ƙware a kanta ba tare da an tura shi kwas ba, to ita ce jira. Tun da duku-duku yana bakin titi a Nyanya ko Mararaba ko Kubwa yana jiran mota. Ya samu motar, ya jira cunkoso ya sake shi. Ya zauna jarrabawar ƙarin girma ya jira sakamako, sakamako ya fito ya jira takarda, takarda ta fito ya jira kuɗin su biyo ta. Hadimi kuwa nasa jiran ya fi na kowa tsawo: a falon maigida, a ƙofar ɗakin taro, a cikin mota a harabar filin jirgi, waya a hannu, kuma ba shi da bakin cewa ya gaji. Da watan Disamba ya kama, hazo ya rufe Dutsen Aso, sai duk waɗannan su narke su koma tambaya guda da ake yi wa juna a kan matakala da wurin cin abinci: shin albashi zai shigo kafin hutu?

A daidai wannan lokaci ne kalandar Ikilisiya take buɗe nata babin na jira. Lahadi ta huɗu kafin ranar 25 ga Disamba, wadda kan faɗo tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba, ita ce farkon sabuwar shekarar ibada a wurin Katolika da Angilika da Lutaran. Sunan lokacin da harshen Latin shi ne adventus, wato isowa, kalmar da Romawa ke amfani da ita idan sarki zai shigo gari a hukumance. Duk hadimin da aka taɓa tura shi ya riga maigidansa isa wata jiha kwana biyu kafin ziyara, ya duba masauki da hanya da jerin masu jawabi, ya san nauyin wannan kalma fiye da yadda mai wa'azi zai iya bayyana masa. Ba banza ba ne a waɗannan makonni ake yawan karanta labarin Yahaya Maibaftisma, mutumin da aikinsa duka shi ne ya share fage, sannan ya koma gefe idan mai fagen ya iso. Rabin farko na wannan aiki mun iya shi sosai a Abuja. Rabin na biyu ne yakan ba mu wahala.

Asalin lokacin na azumi ne da kamun kai. A ƙarni na 5, bishop na birnin Tours da ke Faransa ta yau, Perpetuus, ya kafa wa jama'arsa azumin kwana uku a mako tun daga 11 ga Nuwamba har Kirsimeti. Har gobe Kibɗawan Masar da Kiristocin Habasha suna yin azumin fiye da kwana 40 kafin Kirsimetinsu ta 7 ga Janairu. A ikilisiyoyinmu masu sujada da Hausa ba kowace ce ke ware lokacin da suna ba, amma duk wanda ya tashi a cikinsu ya san shi da alamunsa: ƙungiyar mawaƙa tana gwaji har dare, Zumuntar Mata tana ɗinkin anko, yara suna haddace rawar da za su taka a wasan makiyaya. A babban birni kuwa kwandon kyauta da buhun shinkafa da fitilun shataletale da liyafar ƙarshen shekara sun haɗiye makonnin kusan gaba ɗaya. Ban ƙi shinkafar ba, musamman a irin wannan tsadar rayuwa. Damuwata ita ce mutanen da suka fi kowa sanin zafin jira su ne suka fi saurin tsallake lokacin da aka keɓe domin a yi tunani a kansa.

Jira iri-iri ne. Akwai na bencin ƙofar ofis, wanda kowa ya sani. Kana zaune, ba ka sani ba ko mai ofishin yana ciki, ba ka sani ba ko an kai masa sunanka, ba ka sani ba ko ya fice ta ƙofar baya. Abin da ke cinye mutum a irin wannan zama shi ne zargin cewa babu wanda ya san da shi. Akwai kuma jiran mace mai ciki. Ita ma tana ƙirga watanni, tana wahala, tana tsoro, sai dai wanda take jira yana tare da ita tun yanzu, yana motsi, yana sauya mata barci da abinci da tafiya. Jiran da Kirista ke tunawa kafin Kirsimeti irin na biyun ne, kuma a zahiri ma daga nan ya fara, daga watanni tara na Maryamu. Sunan da annabi Ishaya ya ambata, wanda Bisharar Matiyu ta ɗora wa jaririn, Immanuwel, ma'anarsa a Ibrananci ita ce Allah yana tare da mu. Ikirarin bangaskiyar ke nan gaba ɗayansa: wanda muke jira bai fice ta ƙofar baya ba.

Abin da ke ɗaukar hankalina duk shekara a surori biyu na farkon Bisharar Luka shi ne kusan kowa a cikin labarin yana bakin aiki ne. Zakariya firist ne na ɗaya daga cikin ƙungiyoyi 24 da ke karɓa-karɓar hidima a Haikali. Juyin ƙungiyarsa ne ya zo, ƙuri'a ta faɗa kansa ya shiga ƙona turare, a nan mala'ika Jibra'ilu ya same shi da albishir na ɗan da shi da Alisabatu suka daɗe da fid da ran samu. Makiyayan Baitalami aikin dare suke yi. Ita kanta tafiyar da ta kai Yusufu da Maryamu daga Nazarat zuwa Baitalami, fiye da kilomita 100 da tsohon ciki, umarnin gwamnati ne ya jawo ta: Kaisar Augustas ya ce a yi rajista, kowa ya je garinsu. Da yaren ofisoshinmu, tantancewa aka kira, kuma sai mutum ya bayyana da kansa.

Inda akwai rajista kuwa akwai magatakarda. Luka bai ambace shi ba, amma dole wani ya zauna a kan tebur a wannan makon, layi a gabansa, ya gaji, yana duban rana yana so ya tashi. Wani kafinta mai karin harshen arewa ya zo gabansa, ya tambaye shi suna da zuriya, ya rubuta, ya ce na gaba. Mai yiwuwa bai ko ɗaga kai ba. Idan abin da Kirista ya gaskata gaskiya ne, to al'amari mafi girma a tarihin duniya ya ratsa ta teburin wannan mutum a matsayin lamba a jerin sunaye. A cikin dukan mutanen labarin, shi ne abokin aikinmu.

Na san haka domin na taɓa zama shi. Shekarun baya, a wani sashe da na yi aiki, ana saura mako guda Kirsimeti wata dattijuwa ta zo bin haƙƙin mijinta da ya rasu, direba ne a da. Zuwanta na huɗu ke nan, daga gari mai nisa. Fayil ɗin yana cikin aljihun teburina, ƙarƙashin wasu da na ga sun fi gaggawa domin masu su suna da wanda zai kira ni a waya. Abin da ya rage a kansa layi uku ne na bayani da sa hannuna kafin ya wuce sama. Ina sauri, domin da yamma akwai gwajin waƙa a coci. Na ce mata, "Mama, a yi haƙuri, a dawo bayan hutu." Ta dube ni ba tare da fushi ba ta ce, "Ɗana, haƙuri kam ina da shi. Kuɗin motar dawowa ne ba ni da shi." Ta gyara mayafinta ta fita. Da daren nan aka ba ni karatun da zan yi ranar biki, sai ya zama wurin da ke ba da labarin yadda aka rasa wa baƙin Nazarat wuri a masauki. Na karanta shi a gwaji da murya mai daɗi, har aka yaba mini.

A nan ne nake ganin mun yi wa kalmar haƙuri fashi. Mahaƙurci mawadaci, in ji Bahaushe, kuma gaskiya ne. Amma ku lura da bakin da wannan karin magana ya fi fitowa a ofisoshinmu. Yawanci daga bayan tebur yake fitowa zuwa ga wanda ke tsaye a gaban tebur. Mun ɗauki halin da addini ya umarci mai jira ya yi, mun mai da shi izinin da mai jinkirtawa ke ba kansa. "Komai da lokacinsa," "Allah zai yi," "sai a ci gaba da addu'a": kalmomi ne na gaskiya, amma idan mutumin da alƙalami ke hannunsa ya furta su ga gwauruwa ko ɗan fansho, sun zama saɓo, domin ya jingina wa Allah jinkirin da shi ya ƙirƙira da hannunsa.

Malamin tauhidi ɗan Jamus, Dietrich Bonhoeffer, wanda gwamnatin Hitila ta kama a watan Afrilu 1943, ya rubuta wa abokinsa wasiƙa daga kurkukun Tegel a watan Nuwamba na wannan shekara, inda ya kwatanta makonnin jiran Kirsimeti da zaman ɗan kurkuku: yana jira, yana sa rai, yana ɗan taɓa wannan da wancan, amma ƙofar daga waje kaɗai ake iya buɗe ta. An rataye shi ranar 9 ga Afrilu 1945, saura wata guda yaƙi ya ƙare a Turai. Manufarsa ita ce ɗan Adam ba ya iya ceton kansa, sai Allah ya zo. Masu wa'azi suna son wannan misali, mu ma masu sauraro muna sonsa, domin yana zaunar da mu a cikin ɗakin, cikin waɗanda ake tausaya wa. Amma mai karatu, idan kana riƙe da hatimi ko kana tsara wa maigida jerin waɗanda zai gani, to daga Litinin zuwa Juma'a akwai ƙofofi masu yawa da kai ne a wajensu, makulli a aljihunka.

Na san abin da abokan aiki za su ce, kuma suna da hujja. Ƙaramin ma'aikaci ba shi ne ke sakin kuɗi ba. Sau da yawa an amince da biya, takarda ta kammala, amma kuɗin ba su sauka ba, kuma babu abin da akawu a mataki na takwas zai yi a kai. Shi kansa yana bin bashin alawus ɗinsa. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu 2023 kuɗin mota ya cinye masa albashi, kuma mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yuli 2024 bai kai ga cike ramin ba. Duk na yarda. Ba na roƙon kowa ya yi abin da ya fi ƙarfinsa. Amma kowannenmu ya san, a cikin ransa, bambancin fayil ɗin da ke jiran baitulmali da wanda ke jiran ya ga dama. Ya kuma san na uku, wanda ke jiran a sa masa wani abu a ciki. Wannan na ukun, a watan Disamba, har suna mai daɗi muke ba shi: goron Kirsimeti.

Akwai wata tuhuma da ta fi wannan nauyi, wadda ake yi wa bege kansa: cewa maganin barci ne da ake ɗura wa talaka don ya yi shiru. Mai wannan tuhuma zai nuna maka Madalla, nan kusa da mu, inda bam ya tashi a cocin Katolika na Saint Theresa da safiyar Kirsimeti ta 2011 yayin da jama'a ke fitowa daga sujada, ya hallaka gomman mutane. Zai nuna maka ƙauyukan Bokkos da Barkin Ladi a jihar Filato, inda aka kashe fiye da mutum 100 a jajibirin Kirsimeti ta 2023. Zai ambaci Leah Sharibu, da aka sace daga makarantar 'yan mata ta Dapchi ranar 19 ga Fabrairu 2018, aka sako 'yan uwanta aka ci gaba da riƙe ta. Da iyayen Chibok da tun Afrilu 2014 wasunsu ba su sake ganin 'ya'yansu ba. Da iyalan fasinjojin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, Musulmi da Kirista, waɗanda suka zauna zaman zullumi tun daga 28 ga Maris 2022 har watan Oktoba kafin a sako na ƙarshe. Sai ya tambaye ka: ina Immanuwel ɗin?

Ba ni da ƙarfin halin da zan dubi uwar da aka sace wa 'ya in ce mata jiranta yana da wata fa'ida a ɓoye. Wanda ya faɗi haka bai taɓa kwana da waya a ƙarƙashin matashi yana jiran kiran da ba ya zuwa ba. Abin da zan iya cewa shi ne labarin Kirsimeti bai taɓa yi wa kowa alkawarin biki lafiya ba. Mu ne muka wanke shi muka shafa masa turare. A Bisharar Matiyu, haihuwar ba ta daɗe ba Hirudus ya sa aka kashe yara maza na Baitalami, iyalin suka tsere Masar da dare, 'yan gudun hijira. A Bisharar Luka, tsofaffi biyu da suka shafe rayuwarsu suna jira a Haikali, Saminu da Hannatu gwauruwa, abin da suka gani a ƙarshe jariri ne ɗan kwana 40 a hannun iyayen da hadayar da suka iya kawowa ita ce ta matalauta, tsuntsaye biyu. Da suka fita daga Haikali ranar, sojan Roma yana nan a bakin titi, haraji bai ragu ba. Begen da Kirista ya gada daga waɗannan tsofaffi shi ne iya gane Allah a cikin siffar da ba ta da kwarjini, da kuma tabbacin cewa ya zaɓi ya shigo duniya ta gefen masu layi, masu gudu, masu rasa masauki. Mutum yana iya ƙin yarda da wannan ikirari. Amma wanda ya yarda da shi ba shi da damar yin barci, domin sura ta 25 ta Matiyu ta faɗa masa inda zai sami wanda yake jira kafin ya dawo: a wurin mayunwaci, da baƙo, da mara lafiya, da ɗan kurkuku. Babu wuya a ƙara da mai zaman benci.

Ina sane da cewa da yawa daga masu karanta wannan shafi Musulmi ne, kuma ba na so in yi kamar babu bambanci tsakaninmu. Akwai shi, mai girma, a kan ko wane ne Yesu. Amma labarin Zakariyya da addu'arsa ta tsufa, da na Maryam da haihuwarta, suna cikin Alƙur'ani a surar da ke ɗauke da sunanta, kuma Musulmi ma yana jiran dawowar Annabi Isa. Wanda ya taɓa tsayawa a daren 29 ga Sha'aban yana sauraron sanarwar Sarkin Musulmi kan ganin wata ya san yadda jira kan zama ibada. A tsakiyar birnin nan Masallacin Ƙasa da Cibiyar Kirista ta Ƙasa suna hangen juna, kuma ma'aikatan da ke fitowa daga cikinsu teburi ɗaya suke komawa. Dattijuwar da na ba da labarinta, ban san addininta ba har yau. Fayil ɗin mijinta bai nuna ba.

Kyandir huɗu da ake kunnawa a majami'u da yawa, ɗaya kowace Lahadi, suna da tarihin da ya dace da mu. A shekarar 1839, a birnin Hamburg, wani fasto mai suna Johann Hinrich Wichern yana kula da gidan yara marasa galihu. Yaran sun dame shi da tambaya kullum: yaushe Kirsimeti? Sai ya samo tsohuwar ƙafar keken doki ta katako ya jera mata kyandir, ƙanana na ranakun mako, manya huɗu na Lahadi, ana kunna ɗaya kowace rana. Bai iya matso da ranar ko da awa ɗaya ba. Abin da ya ba yaran shi ne hanyar da za su ga inda suke, da abin da ya rage. A nawa ganin, rabin azabar da jama'a ke sha a hannunmu za ta ragu idan muka yi ko da wannan kaɗai: a faɗa wa mutum gaskiyar inda takardarsa take, teburi nawa suka rage mata, abin da ya ɓace a ciki tun a zuwansa na farko, da ranar da ya kamata ya dawo, ko kuma kada ya dawo sai an kira shi. Hadimin da ya san maigida ba zai ga kowa ba yau, ya fita ya faɗa wa mutanen falo da ƙarfe goma na safe, kada ya bar su har magariba. Wannan ba ya buƙatar kasafin kuɗi, ba ya jiran amincewar babban sakatare.

Nan da 'yan kwanaki Ma'aikatar Cikin Gida za ta sanar da hutun 25 da 26 ga Disamba, tashoshin Jabi da Utako da Zuba su cika, ofisoshi su yi tsit tun kafin ranar ta zo. Abin da bai fita daga teburinmu a wannan mako ba zai kwana har tsakiyar Janairu, wani ma ya faɗa cikin rikicin rufe littafin shekara.

Washegarin wancan gwajin waƙa na iso ofis da wuri, na ciro fayil ɗin, na rubuta layi ukun na sa hannu. Na duba agogo: bai kai minti goma ba. Na aika masinja ya duba harabar ko tana nan, ya dawo ya ce ta bi motar asuba. Na bincike fayil ɗin daga bango zuwa bango, babu lambar waya, domin a zuwanta huɗu babu wanda ya tambaye ta, har da ni. Sai a watan Fabrairu ta dawo, bayan ta sayar da akuyarta ta yi kuɗin mota. Da na ce mata takardar ta wuce tun kafin Kirsimeti, ta durƙusa ta yi mini godiya, ta sa mini albarka ni da 'ya'yana. Ban iya faɗa mata gaskiyar tsawon lokacin da fayil ɗin ya yi a aljihun teburina ba. Tun daga wannan shekara, duk wanda ya zo gabana daga nesa, kafin in tambaye shi komai sai na rubuta lambar wayarsa da fensir a cikin bangon fayil.